Ƙusa Bakwai a Gindin Fure

Ƙusa ta farko Inna Mairo ta tono ta ne wata Talata da safe, ba kuma don tana neman wani abu ba. Durƙusawa ta yi a gindin furen nan nata tana sassauta ƙasa da tsohon cokali, sai cokalin ya ci karo da ƙarfe. Ta sa yatsa ta zaro. Ƙusa ce doguwa irin ta rufin kwano, tsatsa ta ci ta har ta yi ja, an cusa ta cikin wani baƙin abu mai danshi kamar ruɓaɓɓen ganye. Ta juya ta, ta shinshina, sannan ta waiga ƙofar ɗakin Raudatu, matar ɗanta. Labule a sake yake. Ta ƙulle ƙusar a bakin zane, ta miƙe da ƙyar saboda gwiwa.

Sai an san furen kafin a gane abin da ya sa gabanta ya faɗi. Shekara ashirin da bakwai katanga ɗaya ce tsakanin Inna Mairo da Chinwe, wadda duk unguwar ke kira Maman Amaka, matar Donatus mai sayar da kayan babur. Ta kan katangar nan aka miƙa gishiri, aka miƙa tuwon salla da shinkafar Kirsimeti, aka kuma yi faɗa a kan kaji ba sau ɗaya ba. Da Malam Haladu, mijin Mairo, ya rasu, Maman Amaka ba ta taɓa fashin leƙo Mairo ba har ta fita takaba. A jikin katangar, ta ɓangaren Maman Amaka, akwai wani ɗan icce da bai wuce ƙugun mutum ba. Ganyensa kore shar rani da damina, yana sheƙi kamar an shafa masa man gyaɗa. Furensa fari tas, in ya buɗe da yamma ƙamshin ya tsallako har tsakar gidan Mairo. Mai shi tana kiransa gadeniya. Mairo ta ce ita bakinta ba zai iya ba, gauɗen daji ne dai da ya yi boko.

Bara Donatus ya rasu, 'ya'ya suka zo suka ce uwarsu ta bar Funtua ta koma gida can ƙasar Ibo. Ana gobe za ta tafi ta sa aka tono iccen da ƙasarsa, aka zagayo da shi ta ƙofa aka dasa wa Mairo.

"Maman Ɗanjuma," in ji ta, "ban bar miki kujera ba, ban bar miki tukunya ba. Wannan na bar miki. Ranar da ya yi fure ki kira ni ki faɗa min."

To, shekara ta kusa zagayowa, kiran bai samu ba. Iccen zai ƙulla 'yan kawuna kamar da gaske, sai su yi baƙi su zube tun ba su buɗe ba. Ganyen da aka san shi da kore ya fara komawa ruwan ɗorawa. Wannan kuwa ba ƙaramin cin fuska ba ne ga Inna Mairo. 'Yar Maska ce, a gona aka yaye ta, kuma tunda take ba a taɓa jin abu ya mutu a hannunta ba. Kuɓewarta a bayan ɗaki har maƙwabta take ciyarwa. In ka tambaye ta sirrin, amsar ɗaya ce: toka. Toka ce ke korar gara, ita ce ke korar ƙwari, ita ce taki. Kowace safiya ta kwashi ta murhunta ta barbaɗa wa kuɓewa da yakuwa. Furen Maman Amaka kuwa, da yake amana ne, ludayi biyu take cika masa, har da tofin addu'a.

Yanzu da ƙusa a bakin zanenta, sai wani abu ya dawo mata. Ta daɗe tana lura tokar da ta zuba da safe ba ta kai azahar. In ta dawo daga Islamiyyar matan aure, sai ta tarar da gindin iccen fes. Da farko ta ɗora wa iska. Amma wace iska ce wannan mai tsintsiya, da take share gindin fure ta bar na kuɓewa? Gidan kuma mutum uku ne. Ɗanta Ɗanjuma tun da aka yi ruwan shuka ba ya yini a gari, yana gonarsu ta Maska. Saura mutum ɗaya ke nan.

Tsakani da Allah, Raudatu ba ta taɓa yi mata komai ba, kuma abin da ya fi damun Inna Mairo ke nan. Shekara ɗaya da rabi da kawo ta daga Kafur, ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi surukarta ba. Gaisuwa a durƙushe, magana ƙasa-ƙasa, duk abin da aka ce sai "to, Inna." A da Mairo tana yaba wannan kunya, har tana yi wa mata gori da ita a gidan suna. Yau kuwa sai ta ga ashe mutumin da ba ya magana ba ka san abin da ke cikinsa ba.

Ranar kasuwa ƙanwarta Hajo ta zo daga Maska sayar da daddawa, ta biyo shan ruwa kamar yadda ta saba. Hajo mace ce da ba a taɓa kawo mata labari ta ce ƙarami ne ba. Mairo ta ja ta ɗaki, ta saki labule, ta kwance bakin zane.

Hajo ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Yaya, a ina kika samo wannan?"

"A gindin furen nan."

"Yo ai binne ne! Mi kike jira a faɗa miki? Bari in tambaye ki, gwiwar nan taki yaushe ta fara?"

Mairo ta shiga lissafi. Gwiwa dai ta shekara biyar tana ciwo, amma da aka yi tambayar sai ta ji kamar bana ta fi tsanani.

"Shi kuma Ɗanjuma," Hajo ta ci gaba, "ba ke kika ce min ya fara zancen filin da ya gani a hanyar Bakori ba? Yaron da ko tuwo ba ya ci sai a ɗakinki, yau shi ke neman gina nasa gidan? Yaya, ana so a kafe ki wuri ɗaya a janye miki ɗa. An fara da abin da kika fi so a gidan, kin ga yadda ya koma. Ke ce ta gaba."

Mairo ta ce zato zunubi ne, sai ta gani da idonta. Amma a ranar ko abincin da Raudatu ta kawo mata ba ta ci ba. Ta ce cikinta ne, ta jiƙa gari ta sha.

Washegari ta zuba tokarta, ta sa hijabi, ta ɗauki jakar littattafai, ta yi sallama da ƙarfi yadda za a ji. Ta fita har bakin titi, ta tsaya kamar mai jiran Keke, sannan ta dawo a hankali ta laɓe a zaure. Akwai wata 'yar tsaga a ƙofar langa-langa da ke kallon tsakar gida. Tsohuwa mai jikoki a gidajen 'ya'yanta mata, ga ta tana leƙe ta tsagar ƙofa a gidanta. Ita kanta ta ji kunyar abin, amma ba ta ɗaga ido ba.

Ba ta daɗe ba Raudatu ta fito. Ta fara duban zaure, ta saurara. Wannan dube-duben shi ya fara tsinka wa Mairo zuciya. Sai yarinyar ta ɗauko guntun kwali da tsintsiya, ta durƙusa ta kankare tokar tas, ta kai bayan ɗaki ta juye wa kuɓewa. Ta shiga kicin ta fito da wani ɗan kwano. Ta tona rami da tsinke, ta ɗebo baƙin abin nan ta zuba, ta zaro ƙusa daga cikin ɗankwalinta ta tura. Leɓunanta suna motsi. Ta mayar da ƙasa ta shafe wurin da tafin hannu yadda ba za a gane ba.

Inna Mairo ta janye ido daga tsagar ƙofar. Ba fushi ne ya fara zuwa mata ba, baƙin ciki ne, don ta so yarinyar nan. Ita da kanta ta je Kafur ta gan ta kafin a kai gaisuwa, ita ta ce wa Ɗanjuma ta yi. Ta fita ta tafi Islamiyya, ta zauna har aka tashi ba ta san abin da malama ta karantar ba.

Da la'asar ta aiki Raudatu gidan wata maƙwabciya karɓo abin da ba ta buƙata, ita kuma ta hau tono. Ta zagaye gindin iccen da cokali, tana tsinka ƙananan saiwoyi ba ta damu ba. Har da ta Talata, ƙusa bakwai ta tara.

Bayan magariba Ɗanjuma ya dawo daga gona, ƙafafunsa duk laka, ya durƙusa a ƙofar ɗakinta yana gaishe ta. Ba ta nuna masa ƙusoshin ba. A ganinta wanda aka riga aka juya wa kai ba a kawo masa shaida, zai kai wa matarsa ne ta shirya ƙarya.

"Gobe ka kai yarinyar nan gidansu ta ga iyayenta," ta ce.

"Lafiya dai, Inna? Ai watan jiya ta je."

"Ta sake zuwa. Kuma kada ka ɗauko ta sai na ce."

Ya ɗago kai. "Inna, mi ta yi? In laifi ta yi ki faɗa min, yanzu in sa ta ba ki haƙuri."

"Ni kake tambaya? To ka ji da kyau. Rufin gidan nan ba zai ƙara rufe ni da ita ba. In kuwa ka ga ita ce uwarka, sai ni in tattara in koma Maska, ɗakin ubana bai rushe ba."

Ɗanjuma ya yi rarrashi har ya gaji. Mutum ne mai sanyin hali kamar ubansa, kuma bai taɓa jin uwarsa ta yi irin wannan magana ba. Ya tashi jiki ba ƙwari.

Da safe Raudatu ta zo sallama da 'yar jakarta, idanunta sun kumbura. Ta durƙusa nesa da tabarma.

"Inna, zan tafi. In na yi miki wani laifi ki yafe min, wallahi ban sani ba."

"Allah ya kiyaye hanya."

Yarinyar ba ta tashi ba. Tana murza bakin hijabinta, sai ta ce, "Inna, furen nan... da za a ɗan..."

"Furena ba ruwanki da shi," in ji Mairo. "Ko sunansa kada in ƙara ji a bakinki."

"To, Inna."

Sai da ƙarar babur ɗin ta ɓace sannan Mairo ta fito ta duba iccen. Nan ta ga wani sabon abu. An yanke reshe ɗaya, mafi koren cikinsu, yankan reza, wurin ko bushewa bai yi ba. Ta riƙe haɓa. Wato ba ta haƙura ba, ta tafi da wani abu na jikinsa ta kai a ƙarasa aikin. Ta kira Hajo a waya ta faɗa mata, ta ce amma maganar nan ta tsaya tsakaninsu. Hajo ta rantse ba mai ji.

Yanzu da gida ya zama nata ita kaɗai, Mairo ta tashi haiƙan ceton amana. Ludayi biyu ya koma huɗu. Ba mai sharewa, toka ta taru a gindin iccen, ruwan sama ya sauko ya dama ta ya shigar da ita ƙasa. Kwana biyar ganyen ya ƙone ta gefe-gefe. Kwana goma ya fara zuba ko iska ba ta kaɗa ba. Ranar da Raudatu ta cika mako uku a Kafur, abin da ya rage a jikin katanga 'yan tsirarun rassa ne. Mairo ta karya ɗaya ta ga cikinsa a bushe. Ta zauna a kan turmi ta yi kuka, tana cewa Allah ya isa tsakaninta da wadda ta yi mata wannan.

Gidan ma ya canza. Ɗanjuma yana gaishe ta safe da yamma, ba ya ƙara komai a kan gaisuwar. Ya rame. Tuwon da take tuƙa masa da gwiwarta mai ciwo sai ya ci loma uku ya rufe. Hajo ta ce alamar aikin bai sake shi ba ke nan.

Wata Lahadi da azahar waya ta yi ƙara. Maman Amaka ce. Mairo ta daɗe tana gudun wannan kira, har ta so ta ƙi ɗauka. Suka gaisa, aka tambayi Amaka da yara, aka tambayi damina.

"Ina ɗiyata Raudatu?" in ji Maman Amaka. "Kwana uku ina kiran wayarta a kashe."

"Ta je ganin gida," Mairo ta ce a taƙaice. Sai kuma ta yi turus. "Ke dama kuna waya da ita?"

"Ah, tun kafin azumi! Ita ta karɓi lambata wurin Ɗanjuma. Ta ce furenmu ba shi da lafiya, Inna ba ta iya barci saboda shi. Na ce mi kuke ba shi? Ta ce toka. Na ce Chineke, wayyo Allah, toka! Maman Ɗanjuma, wannan ba kuɓewa ba ne. Abin da ya fi ƙi a duniya ke nan, toka da ruwan sabulu. Shekara nawa muna tare, kin taɓa ganin na zuba masa?"

Mairo ta zauna a bakin gado.

"Na ce ta faɗa miki ki daina. Ta ce ita ba za ta iya duban idonki ta ce abin da kike yi ba daidai ba ne, wai ke kika haifi mijinta. Na ce to ba ni ita in faɗa mata da kaina. Ta roƙe ni kada in yi, wai za ki ji kunyata, za ki ce kin ci amana. Ku Hausawa da kunyarku! Na ce to ki riƙa kwashewa in ta fita, ki sa masa ganyen shayin da aka gama dafawa, ki binne tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa. Haka uwata take yi a gida. Ya fara kore kuwa? Ta ce min wani reshe ya fara dawowa."

Inna Mairo tana zaune a bakin gado, ƙullin ƙusoshin yana nan a bakin zanenta, don tun ranar ba ta rabu da shi ba. Ta ji nauyinsa a cinyarta.

"Hello? Maman Ɗanjuma, kina ji na?"

"Ina ji," ta ce. "Zan kira ki."

Ta ajiye wayar. Babu abin da bai dawo mata ba: dube-duben zaure, shafe ƙasa da tafin hannu, leɓunan da ke motsi. Bisimilla ce yarinyar take yi, me kuma za ta yi? Da maganar da ta fara a durƙushe ranar tafiya, wadda aka datse mata. Mairo ta fito tsakar gida ta tsaya a kan tulin tokar da ta tara da hannunta. Kunya ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba tun tana amarya.

Ba a saba uwar miji ta tafi biko da ƙafarta ba. Akan tura kawu ko wani dattijo, a yi magana a zaure, ita tana gida tana jiran a dawo mata da labari. Mairo ta san haka sarai. Amma dattijon da za ta tura sai ta faɗa masa abin da ya faru, kuma in za ta faɗa, gara ta faɗa wa masu haƙƙin ji. Washegari da sassafe, ko Ɗanjuma ba ta gaya wa ba, ta tafi tasha ta shiga motar Malumfashi, daga can ta nemi ta Kafur. Hagu da dama masara ta kai gwiwa, mutane sun duƙufa noman farko. Ita da ba ta wuce gona ba ta yaba ko ta kushe ba, ranar ba ta ga komai ba.

Hajiya Kulu, mahaifiyar Raudatu, ita ta amsa sallama. Ta shimfiɗa tabarma a rumfa, ta kawo ruwa, aka gaisa gaisuwa mai tsawo wadda ba ɗumi a cikinta. Da gaisuwa ta ƙare, Hajiya Kulu ta gyara zama.

"Hajiya, gara da kika zo da kanki. Mu an kawo mana yarinya an ce ganin gida. Mun tambaye ta, ta ce ba ta san laifinta ba. Sai ranar Alhamis wata mai daddawa ta kawo mana labari daga Maska, wai ɗiyata bin bokaye take yi, tana binne-binne a gidan miji. Yanzu ko rijiya ta je sai an nuna ta. Babanta ya karɓe wayarta, ya ce ba mai ƙara magana da gidanku. Mu talakawa ne, Hajiya, amma ba mu gaji wannan ba."

Wato rantsuwar Hajo ko wata guda ba ta yi ba. Amma Mairo ba ta ga bakin zagin Hajo ba, don ita ta ba ta abin ɗauka.

"Ni na faɗa," ta ce. "Daga bakina ya fito. Kuma ƙarya ne, jiya na sani."

Ta kwance bakin zane ta zube ƙusoshin a kan tabarma, ta ba da labarin tun daga cokali har wayar Maman Amaka. Ba ta rage komai ba, har laɓewar zaure. Hajiya Kulu tana saurare, fuskarta ba ta saki ba.

"Ita ma haka ta faɗa mana ranar Alhamis ɗin," ta ce. "Na ce to mi ya hana ki buɗe baki tun farko? Ta ce da wane bakin." Ta nuna gindin randa da haɓa. "Kin ga wancan? Tun ranar da ta zo ba ta da aiki sai shi. Ruwan sama take tara masa a roba. In rana ta yi zafi ta ja shi inuwa. Ko da labarin nan ya zo, ta yini tana kuka, da yamma sai ga ta tana ba shi ruwa. Na ce ki jefar da abin nan, shi ya jawo miki. Ta ce ba nata ba ne, na Inna ne."

Mairo ta duba. Gwangwanin tumatir ne babba, an huda gindinsa. A ciki ga ɗan reshe tsawon tafin hannu, yankan reza. Tsofaffin ganyensa huɗu kore shar, a samansa kuma wasu biyu ƙanana sun ɓullo suna sheƙi.

Hajiya Kulu ta ɗaga murya ta yi kira. Raudatu ta fito daga ɗaki, ta zabge kamar wadda ta tashi daga jinya. Ta durƙusa nesa da tabarma, daidai yadda ta saba.

"Inna, ina kwana. An zo lafiya? Ya gwiwar?"

Tambayar gwiwar nan ita ta karya Mairo.

"Raudatu," ta ce da ƙyar, kuma ta daɗe rabon da ta kira ta da sunanta. "Na gidan ya mutu. Ni na kashe shi. Da hannuna na kashe shi, na ɗora miki."

Yarinyar ba ta ɗago ba. Tana kallon ƙusoshin da ke kan tabarma.

"A'a, Inna," ta ce a hankali. "Ƙasar wurin ce ba ta karɓe shi ba."

Inna Mairo ta ja bakin hijabi ta rufe fuska. Ta yi kuka sosai, a gidan surukai, gaban wadda ta haifa mata suruka, ba ta damu da wanda zai ji ba. Ko yanzu, bayan duk abin da aka yi mata, yarinyar nan rufa mata asiri take yi.

Hajiya Kulu ta bari sai da ta lafa. Muryarta ta ɗan yi laushi, amma ba ta sauka daga kan bakanta ba.

"Maganar komawa ba a hannuna take ba, Hajiya. Babanta ya yi rantsuwa, kuma abin da aka faɗa ya riga ya zaga gari. Yana gona, sai la'asar. Ki ɗauki gwangwaninki dai, tunda don ke aka raya shi, kada ki rasa motar Funtua."

Raudatu ta tashi ta ɗauko gwangwanin da hannu biyu, ta kawo gaban Mairo ta durƙusa tana miƙa mata. Mairo ta dubi 'yan ganyen nan biyu. Shekara guda ba abin da take roƙo kamar ta ga wannan koren. Ta sa hannu ta mayar da gwangwanin jikin yarinyar.

"Riƙe shi. Ba zai shiga gidana a hannuna ba. Wadda ta raya shi ita za ta shigo da shi, in kuwa ba ta zo ba, ba na so." Ta juya ga Hajiya Kulu. "Matan da suka nuna ta a rijiya, a kai ni wurinsu in faɗa musu da bakina. Babanta kuma zan jira shi."

"Hajiya, la'asar fa na ce. Yanzu ko hantsi bai gama ba."

"Na ji."

Ta tattara ƙusoshin guda bakwai ta ajiye a gefen gwangwanin, ta miƙe ƙafarta mai ciwo a kan tabarma, ta gyara zama.